Dala goma ta ci mani jar akuya

Ni manomi ne, ina zaune wani ƙauye gabas da Sabon Maci, cikin ƙasar Kornaka, yankin Dakoro. Ina noman hatsi da wake da ƴar gujiya. Ina da amalanke guda da sa mai janta, daga baya kuma na samu babur. Zancen da na zo maku da shi yau zancen iska ne, iskar da muke sa ma taya. Na san wani zai yi dariya ya ce, iska ma har zance gare ta? Ni ma da haka nake cewa. Sai da ta ci mani akuya, ta kuma karya mani hannu, sannan na san tana da zance.

Ga yadda abin ya faru. Wata shekara wake ya yi mani kyau. Munka rore shi, mata sunka casa, na cika buhu 4. Akwai bashin takin zamani bisa kaina, kuma lokacin biya ya yi. Sai na yi niyyar kai waken kasuwar Sabon Maci tun da sassafe, tun ƴan kasuwar Maraɗi ba su cika motocinsu ba, don su ne ke sayen wake da daraja.

Da asuba na ɗaura sa, munka aza buhuna. Uwargida ta fito da fitila ta haska ƙarƙashin amalanke. Ta ce, "Maigida, ƙafar hagun nan ta kwanta." Na zo na shuri tayar da ƙafata, na ji da sauran ƙarfi. Na ce, "Ke dai koma ɗaki, za ta kai."

Daga garinmu zuwa babbar hanya rairai ne tsantsa. Cikin rairan nan amalanke ta yi ta tafiya sumul, har ma ta fi kullum sauƙi. Na ce a raina, ka ji mata da tsoro. Haka munka yi ta tafiya har munka kai kwaltar da ta taso daga wajen Maraɗi, ta bi Sabon Maci da Kornaka ta nufi Dakoro. Nan bakin hanya akwai rumfar wani tsoho mai faci. Yaronshi ya hango ni, ya taso ya ce, "Baba, ƙafarka na son iska. Tsaya in ƙara maka, dala goma ce." Ina da dala goma cikin aljihu. Amma na ga rana na fitowa, na kuma ɗauka yaron kuɗina kawai yake so. Na ɗaga mashi hannu na wuce.

Muna hawa hanya mai tauri sai tafiya ta sake. Sa ya fara nishi. Amalanke ta dinga ja hagu, karkiya na gugar wuyanshi gefe guda. Ban ankara ba dai. Can sai ga wata babbar mota daga bayanmu tana oda. Na ratse na sauka gefe. Da ta wuce na juyo in hau, ashe bakin kwaltar ya zaizaye ya yi kaifi kamar dakali. Taya ta bugi bakin nan ta lotsa har ƙarfe, sai na ji fuuu! Sa ya razana ya zabura. Kafin in tsai da shi, ya ja amalanke bisa ƙarfe tafiya mai ɗan nisa, ƙarfen kuwa ya yanke cikin tayar.

Nan na zauna bisa buhunana, ƴan kasuwa na wucewa suna yi mani sannu. Sai kusan azahar na samu mai amalanken da ya kwashe mani kayan. Ko da munka isa kasuwa, masu saye na Maraɗi sun yi lodi sun tafi. Dole na sayar da rahusa, da ƙyar kuɗin sunka kai biyan bashi. Da na kai ƙafar wajen tsohon nan mai faci, ya fiddo robar ciki ya nuna mani huji biyu dab da juna, kamar saran maciji. Ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Ƙaya huji guda take yi. Wannan cizon ƙarfe ne." Taya kuwa ya ce ta gama aiki, don tsagar ciki ba ta ɗaukar faci.

Kun san da rani amalanke ita ce ƙafar gida. Ita ke kai taki gona, ita ke kawo kara da ruwa, ita ke kai maras lafiya asibiti. Ba ni da kuɗin wata taya. Uwargida na da wata jar akuya irin ta Maraɗi, mai haihuwar tagwaye, kuma tana da ciki. Ita munka kai kasuwa. Ranar da na ja akuyar nan, uwargida ba ta yi mani faɗa ba. Tana tsaye bakin turke ta ce, "Maigida, an ce dala goma ce." Ashe labari ya riga ni gida. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar nan na rantse taya ba za ta sake kwanta mani ba. Bayan ƴan shekaru da na sayi babur, duk inda na ga famfo sai in tsaya in ce a ƙara. In mai famfo ya ce ta isa, in ce ƙara dai. Ba ni barin ta sai ta yi tauri kamar dutsen niƙa, sai na danna da babban yatsa ta ƙi motsi. Ina ganin na yi wayo. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Wata ranar bazara, hadari ya fara haɗuwa, na ɗauko buhun iri bisa babur ina gaggawar komawa gida. Na biyo wata hanyar burji mai gargada. Babur na ta tsalle, hannuwana har sun gaji da riƙo. Da na zo wata kwana inda tsakuwa ta taru, na ɗan taɓa birki. Ƙafar gaba ta sulɓe kamar an ja tabarma. Na faɗi bisa hannun dama, ya karye wajen wuyan hannu. Kwana 3 bayan haka ruwan shuka ya sauka. Ina zaune da ɗori ina kallon mutane na fita da sungumi. Ƙannena da maƙwabta sunka yi mani shuka, sunka yi mani gayyar noman farko, Allah ya saka masu. Amma kowa ya san gonar da mai ita bai shiga ba. Shekarar nan rumbuna bai cika ba.

Cikin jinyar nan tsohon nan mai faci ya zo gaishe ni. Da can direba ne. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Dakoro har Agadas, tun hanyoyin nan duk rairai ne. Bayan gaisuwa ya ce a turo mashi babur ɗin. Ya fiddo wani ɗan agogo daga aljihu, ma'aunin iska ke nan, ya danna shi bisa bawul, wato ɗan bakin nan da ake sa iska. Allura ta tsaya bisa 3. Ya girgiza kai. Ya share ƙura bisa murfin sarƙa, sai ga wata ƴar takarda manne da lambobi. Ya ce, "Kai da ka yi karatun manya, karanta mani." Na karanta: gaba 1,75, baya 2. Shekara 2 ina hawan babur ɗin nan ban taɓa duban takardar ba.

Na ce, "Baba, ni na rasa gane maku. Ta yi laushi na yi asara, ta yi tauri na karye. Ina gaskiyar take?"

Ya ce, "Ɗana, mi ke ɗaukar buhunanka in ka aza su bisa amalanke?"

Na ce, "Taya."

Ya ce, "Cire iskar ka gani ko robar za ta ɗauki ko tiya guda. Iska ce ke ɗaukar kaya. Roba salka ce kawai da ke riƙe ta. Kuma iska awo gare ta, kamar gishiri cikin miya."

Daga nan ya yi mani bayani. Abin da na ji gare shi, da abin da na ƙara tambaya daga baya, shi ne zan faɗa maku yadda na gane shi.

Awon iska sunanshi bar. Masu faci da yawa na cewa kilo, don bar 1 kusan daidai yake da nauyin kilo 1 bisa ɗan wuri mai faɗin farcen yatsa. In an rubuta 2,5 ana nufin biyu da rabi. In an rubuta 1,75 ana nufin biyu ba kwata. A Najeriya da wani awo suke aiki, shi ya sa za ka ji mai faci na Jibiya ko Katsina na cewa 30 ko 35. Kar ka ruɗe. Bar 1 shi ne 14 da rabi a awonsu, bar 2 kuma 29. Agogo da yawa na ɗauke da lambobin duka biyu, ɗaya ciki ɗaya waje.

To, mi ya sa amalankena ta yi sauƙi cikin rairai, ta yi nauyi bisa hanya mai tauri? Tsoho ya ce in dubi raƙumi da jaki. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma jaki ya fi shi nutsewa cikin rairai, don tafin raƙumi faɗi gare shi, kuma yana ƙara buɗewa in ya taka. Haka taya take. Tayar da ke ɗauke da kilo 400, in iskarta 2,5 ce, wurin da take taka ƙasa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. In anka rage rabin iskar, wurin zai kai kamar tafi biyu. Cikin rairai wannan taimako ne, don taya na hawa bisa rairan, ba ta haƙa shi. Abin da ya ruɗe ni da asubar nan ke nan.

Amma bisa hanya mai tauri, laushin nan shi ne cuta. Kowane juyi taya ta yi, cikinta na lanƙwashewa yana miƙewa. Tsoho ya ba ni guntun waya ya ce in lanƙwasa in miƙe da hannuna mai lafiya, sau da yawa, sannan in taɓa wurin. Na taɓa na ji zafi. Na ci gaba kaɗan sai wayar ta karye. Ya ce haka zaren da ke cikin taya ke yi. Ƙarfin da ya kamata ya tafi ga jan kaya, sai ya ƙare wajen murza roba. Ga amalanke, dabba ce ke biya da ƙarfinta. Ga babur da mota, mai ne ke ƙonewa a banza. In kuwa ƙafa guda ta fi ɗaya laushi, abin hawa zai dinga ja gefe, ga dabba kuma gyambon wuya ke nan. Sannan ba sauran iskar da za ta tare ƙarfe in taya ta bugi dutse ko bakin rami.

Iska in ta yi yawa kuma, wurin da taya ke taka ƙasa sai ya ƙanƙance. Taya ba ta kama ƙasa, sai tsalle bisa gargada kamar ƙwallo. Birki ba ya ci yadda ya kamata, kwana kuma ta zama wurin faɗuwa. Abin da ya same ni ke nan. Taya da kanta na faɗin gaskiya in ka dube ta. In tsakiyarta ta cinye, gefe na da sauran zane, iska ta yi yawa. In gefe biyu sunka cinye, tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan.

Akwai wata magana da ta bazu cikinmu, ni ma na daɗe da yarda da ita. Ana cewa in bazara ta yi, a rage ma taya iska don kar rana ta fasa ta. Jama'a, wannan maganar ta kashe mutane. Gaskiya ne zafi na ƙara ƙarfin iska. In zafi ya ƙaru da digiri 10, iskar taya na ƙaruwa da kamar 0,1. In anka yi tafiya mai nisa tana ƙaruwa da 0,2 ko 0,3. Masu ƙera taya sun san da haka, sun bar mashi wuri. Tayar da ta fi fashewa cikin zafi ita ce mai ƙarancin iska, ga kaya sun yi mata yawa, ga gudu. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu na wuce digiri 40 cikin inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Ka haɗa zafin kwalta da zafin lanƙwasar nan ta waya, sai roba ta saki zarenta, taya ta tarwatse. Saboda haka direban da ya tsaya da tsakar rana, ya taɓa taya ya ji zafi, ya sace mata iska, ya ƙara ma wuta itace ne. Abin yi shi ne ya tsaya inuwa ta huce, ya rage gudu, ya rage kaya.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A Amurka, cikin watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6 da rabi daga hannun mutane. Tayoyin na tarwatsewa cikin gudu, motoci na kifewa, mutum fiye da 200 sunka mutu. An samu aibi ga ƙirar tayoyin, an kuma ga cewa ƙarancin iska da zafi da nauyi da gudu ne ke fiddo aibin fili, don haɗarin ya fi yawa a jihohinsu masu zafi. Sanadin haka sunka yi doka. Tun 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai da fitilar da ke kunnuwa in iskar taya ta ragu. Ƙasashen Turai sunka bi sahu a 2014. Mu amalankenmu da baburanmu ba su da wannan fitila. Fitilarmu ita ce ɗan agogon nan na awo.

Makiyaya kuma ga wani labari da zai yi maku daɗi. Mutumin da ya sa tayar iska ta bazu duniya likitan dabbobi ne, sunanshi John Dunlop, yana zaune garin Belfast. Ya ga ɗanshi na shan wahala bisa ƙaramin keke mai ƙafar roba tsantsa, sai ya naɗa mashi robar da anka hura ma iska. A 1888 anka ba shi takardar shaidar wannan dabara. Kun ga tun asali don sauƙin tafiya da kama ƙasa anka sa iska cikin taya. Wanda ya mai da tayarshi dutse, ya koma inda anka fito.

To, yanzu ga yadda nake yi, na kuma ga amfaninshi.

Na ɗaya, ina awo da agogo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ga taya, ido ko kimar bai sani ba. Tayar mota na iya rasa rabin bar ka dube ta ka ce lafiya lau. Shuri da ƙafa da danna yatsa duk ruɗi ne, su ne sunka kai ni ga asara sau biyu. In mai faci ba shi da agogo, ko allurar agogonshi ba ta komawa sifiri, nemi wani.

Na biyu, ina awo da safe, taya na da sanyi, kafin rana ta buge ta. Lambar da anka rubuta ta tayar sanyi ce. In dole sai ka sa iska bayan doguwar tafiya, ɗora 0,3 bisa lambar, gobe da safe ka sake awo. Kuma ko ba huji, taya na rage iska da kanta a hankali. Ni kowane mako nake awo, daren jajibirin kasuwa in shirya famfo, da asuba in auna. Lokacin ɗari, wajen Disamba da Janairu, iska ta fi saurin nuna raguwa, don sanyi na ƙanƙantar da ita.

Na uku, ina neman lambar da anka rubuta. Ga babur tana bisa murfin sarƙa ko ƙarfen ƙafar baya. Baburan da munka fi hawa, masu ƙarfin 100 ko 125, galibi gaba 1,75 ne, baya 2, in da goyo ko buhu baya ta koma 2,25. Ga mota takardar na jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Ƙananan motoci galibi tsakanin 2 da 2,5 suke, kuma takardar na nuna lamba biyu, ta mota wayam da ta mota cike. Keke ya fi su son iska, lambarshi na jikin tayar. Ku lura, lambar da ke jikin tayar mota kusa da rubutun MAX ita ce iyaka, wadda ba a wucewa. Ba ita ce awon kullum ba.

Na huɗu, amalanke. Ita ba ta zo da takarda ba, kuma galibinmu tsohuwar tayar mota muke sa mata. Tayar ƙaramar mota ba ta ɗaukar cikakken nauyin da anka ƙera ta dominshi sai iskarta ta kai 2,5. Don haka in zan yi lodi, 2,5 nake sa ma kowace ƙafa, daidai wa daida. Nauyin da taya ke iya ɗauka shi ma a rubuce yake, lamba ce mai biye da girman tayar. In ka ga 82, kilo 475 ke nan. In ka ga 88, kilo 560. In ka ga 91, kilo 615. Wannan na sabuwar taya ne. Tsohuwa a tausaya mata. Ƙarin iska ba ya mai da ƙafar jaki ta raƙumi. In kaya sun fi ƙarfin taya, a yi sawu biyu.

Na biyar, rairai. In hanyar duk rairai ce mai zurfi, rage iska dabara ce ta gaskiya, direbobin arewa da ita suke ƙetare tuddai. Motar daji da ke tafiya da 2,5 ana sauke ta wajen 1,5. Amma da sharaɗi. A tafi sannu, kar a yi kwana da ƙarfi don taya na iya fita daga ƙarfenta, kuma da an taka hanya mai tauri a mai da iskar nan take. Wanda ba shi da famfo tare da shi, kuma ba mai faci gabanshi, kar ya rage. Ga babur kaɗan ake ragewa. Ni ba ni sauka ƙasa da 1,5, don in ta yi laushi ƙwarai taya na zamewa bisa ƙarfe ta ja robar ciki, bawul ya tsinke daga gindi. Wannan kuwa ba ya facuwa. Ga amalanke mai lodi, na fi son in rage buhu guda da in rage iska da yawa.

Na shida, burji da damina. Bisa burji da gargada, bar iska yadda anka rubuta, ka rage gudu. Bisa kwalta in ana ruwa, kar ka rage ko kaɗan, don zanen taya ba ya korar ruwa da kyau sai iska ta cika awo. Tayar da zanenta ya shafe kuwa, ba awon da zai cece ta cikin ruwa.

Na bakwai, ƙananan abubuwa. In ka gama sa iska, ɗiga miyau bisa bakin bawul. In ya yi kumfa yana yoyo. Mai da murfinshi, don rairan ƙasarmu na shiga ya hana shi rufewa. Dubi jikin taya ka cire ƙayar aduwa da tsidau tun ba su nutse ba. In ka ga ƙari ya kumburo cikin taya, zarenta ya tsinke, kar ka hau kwalta da ita. Kar ka bar amalanke cikin rana wata da watanni da ƙafa kwance, roba na tsattsagewa. In ana sa ma babbar mota iska, ja da baya kai da yara, don iskarta na kai bar 7 ko 8, in ta fashe tana kisa.

In za ka sayi taya ta hannu, nemi shekarunta. Tun shekarar 2000 ana buga lamba 4 jikin taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta mako na 23 na 2019. Tayar da ta kai shekara 10 ta tsufa, ko da zanenta na da kyau. In dole ce, ta yi ma amalanke mai tafiyar dabba. Ba ta kamaci motar da ke gudu da mutane ba.

Wanda ba shi da abin hawa, shi ma zancen nan nashi ne. Dukanmu muna shiga motar kasuwa, mu da matanmu da awakinmu. Kafin ka hau, zagaya ka dubi ƙafafun baya bayan an gama lodi. In ka ga sun baje kamar cikin kwaɗo, yi ma direba magana da ladabi. In ya ƙi ji, jira wata. Kasuwa na dawowa mako mai zuwa.

A garinmu yanzu mu 12 masu amalanke da babur munka haɗa kuɗi, munka sayi famfon ƙafa mai agogo. Yana hannun wani saurayi da ya iya karatu. Ya rubuta awon kowa cikin ɗan littafi. Safiyar kasuwa sai ka ga amalanke sun yi layi ƙofar gidansu, kowa na jiran a auna mashi. Abin da kowa ya ba da bai kai kuɗin zakara ba. Ba na cewa ƙaya ta bar huda mu, ƙaya kam tana nan. Amma saran macijin nan mai huji biyu, mun daɗe ba mu gan shi ba.

Jar akuya kuwa sai bayan kaka biyu na samu na mayar ma uwargida da wata. Ta karɓi igiya ta ɗaure ta ga turke, ta ce Allah amfana. Har yau in ta ga na ɗaura sa da asuba, sai ta fito da fitila ta haska ƙarƙashin amalanke. Yanzu in ta ce ƙafa ta kwanta, ba ni shuri, agogo nake aikawa a ɗauko. Hannuna kuma in sanyi ya sauko yana tuna mani da kwanar nan mai tsakuwa.

Ƴan uwa, wanda ya karanta wannan ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman samarinmu masu kabu-kabu. Gobe da safe kowa ya share murfin sarƙar babur ɗinshi ya ga lambar da ke wurin. In yaron mai faci ya tsai da ka ya ce ƙafarka na son iska, tsaya, ka ce ya auna da agogo, ka biya shi dala gomarshi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.